Magungunan toshe homon na kansar furostet: yadda ake ƙera su da inda suke gazawa

Famasis Bala
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Magungunan da ake bai wa mai kansar furostet don karya ƙarfin homon na maza sun kasu aƙalla gida uku: allurai irin su goserelin da leuprolide, ƙwayoyin da ke tare makarɓar homon ɗin, wato wurin da yake kamawa a ƙwayar halitta, irin su bicalutamide da enzalutamide, sai abiraterone da ke hana jiki ƙera shi. Duk testosteron suke fako. To in manufar ɗaya ce, me ya sa tun 1941 ba a daina ƙero sababbi ba? Kuma me mai haɗa sinadari yake sauyawa a jikin magani har na baya ya ci inda na farko ya gaza? Ina roƙon bayani da adadi, don mu da ke miƙa wa mutane magani mu san abin da ke hannunmu.

Dr. Auwal
Wa alaikumus salam Famasis. A fara daga tushe. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Shikago suka nuna cewa idan aka cire 'ya'yan maraina, ko aka ba da homon na mata, kansar da ta riga ta bazu cikin ƙashi tana ja da baya, ciwon ƙashin ya lafa. Aikin da ya kai Huggins ga kyautar Nobel ke nan a 1966. Maraina ne ke samar da kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na testosteron ɗin da ke yawo a jini, ragowar kuma daga abin da glandin adrenal na saman ƙoda ke fitarwa. Ma'aunin da aka tsaya a kai na cewa an kai matakin dandaƙa shi ne ƙasa da 50 ng/dL. Tiyata tana kai mutum can cikin yini guda, kuma yawanci tana sauke shi har wajen 15.

Alluran sun zo ne don a samu wannan ba tare da wuƙa ba. Ƙwaƙwalwa tana sakin homon GnRH a guntu-guntu, bayan kowace awa ɗaya zuwa biyu, shi ke sa fituwitari, glandin da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ya saki homon LH, LH kuma ya tayar da maraina. Idan aka cika jini da abin da ke kwaikwayon GnRH ba dare ba rana, fituwitari sai ya janye makarɓansa, LH ya faɗi. Amma kafin hakan, a makon farko, testosteron hawa yake yi. Mai ciwo a ƙashin baya yana iya samun matsewar laka ƙafafu su mutu, mai wahalar fitsari kuma fitsarin ya tsaya cak. Shi ya sa ake fara bicalutamide 50 mg kafin allurar farko ko tare da ita, a ci gaba da shi na wasu makonni. Sai wajen mako na 3 zuwa na 4 testosteron ke sauka ƙasa da 50.

Malam Sani
Likita ya share fage, bari in shiga ɓangaren gini. GnRH na jiki sarƙa ce ta amino asid 10, wadda Andrew Schally da abokan aikinsa suka fitar da jerinta a 1971. Yadda take ba ta yin magani, domin cikin minti 2 zuwa 4 enzayim sun datse rabinta. Inda ake datsewar shi ne tsakiya, wajen lamba ta 6, da kuma wutsiya. Don haka a leuprolide aka cire glycine na lamba 6 aka sa D-leucine, mai juyayyen gini wanda enzayim ba ya kamawa da kyau, aka kuma cire na lamba 10 aka rufe wutsiyar da ethylamide. Da wannan canji biyu rabin zaman maganin a jini ya koma kamar awa 3, kamun makarɓa kuma ya ƙara ƙarfi sosai. Goserelin ma a waɗannan wurare biyu aka taɓa shi.

Awa 3 ma ba ta isa ba. Da hukumar FDA ta Amurka ta amince da leuprolide a 1985, allura ce ta 1 mg kullum. Abin da ya sa aka iya zama da shi shi ne cusa shi cikin ƙananan dunƙulen PLGA, wani sinadari da ke narkewa a hankali cikin nama yana sakin maganin: 7.5 mg na wata ɗaya, 22.5 mg na wata uku, 45 mg na wata shida. Goserelin ɗan sanda ne da ake turawa ƙarƙashin fatar ciki, 3.6 mg duk kwana 28 ko 10.8 mg duk mako 12.

Masu toshe makarɓar GnRH kai tsaye sun fi wuyar ƙerawa, kodayake su ne ba sa tayar da testosteron a makon farko. Na farko-farkon suna sa jiki ya saki histamin. Abarelix ya samu amincewa a 2003 da sharuɗɗa masu tsauri saboda wasu suna faɗuwa da mummunar alaji nan take bayan allura, a 2005 aka janye shi daga kasuwar Amurka. Degarelix na 2008 amino asid 7 cikin 10 ɗinsa ba na halitta ba ne. Yana daskarewa ya zama kamar ƙullu a inda aka yi allurar, daga nan yake fita a hankali. Wannan daskarewar ce amfaninsa, ita ce kuma aibinsa: kusan kashi 40 na masu karɓa suna samun kumburi da zafi a wurin. Ana fara shi da 240 mg, allura biyu ta 120, sannan 80 mg duk wata.

Dr. Hadiza
A ƙara da relugolix, wanda ba sarƙar amino asid ba ne sam, ƙwaya ce ta sha, aka amince da ita a Disambar 2020. Ranar farko 360 mg, daga nan 120 mg kullum. A gwajin HERO, kashi 96.7 sun zauna ƙasa da 50 har mako 48, a kan 88.8 na masu leuprolide, manyan matsalolin zuciya kuma 2.9 a kan 6.2. Sai dai da zarar an daina sha testosteron yana dawowa da wuri. Ga wanda za a yi wa magani na ɗan lokaci tare da gashin radiyeshan wannan alheri ne. Ga wanda kuɗinsa kan yanke a tsakiyar wata kuwa hatsari ne, gara masa allurar wata uku ko tiyata.

Nura
Malamai, a gafarce ni, ɗalibi ne. In testosteron ya riga ya sauka ƙasa da 50, me kansar ke ci take dawowa? Ba an ce ta daina buƙatar homon ba ne a wannan matakin?

Zainab
Nura, tambayarka ita ce ƙashin bayan maganar duka. An daɗe ana ɗauka cewa ta daina buƙatar homon, kuma wannan zato ya jinkirta aiki shekaru da yawa. Alamar da ke ƙaryata shi tana cikin takardar gwajin jini: PSA ɗin da ke sake hawa, wato furotin ɗin da ƙwayoyin furostet ke fitarwa cikin jini, makarɓar androjin (homon na maza), wato AR, ita ce ke kunna shi. In PSA na hawa, AR na aiki.

Hanyoyin da take bi sanannu ne. Ƙwayoyin kansar suna ɗaukar homon DHEA daga adrenal su juya shi ya zama testosteron da DHT, wani homon maza mai ƙarfi, a cikin kansu, har a auna ƙarin a ga homon mai yawa alhali jini ya bushe. Sannan suna ninka ƙwayar gadon AR: binciken Finlan na 1995 ya samu haka a kusan kashi 30 na ƙarin da ya dawo. Mafi muhimmanci ga masu ƙera magani shi ne aikin ɗakin binciken Charles Sawyers na 2004, wanda ya nuna cewa ƙaruwar AR kaɗai ta isa ta sa cutar ta bijire, kuma a irin wannan ƙwayar halitta bicalutamide yana juyewa ya koma mai kunna makarɓar maimakon mai kashe ta. Akwai kuma sauyin amino asid ɗaya a aljihun da homon ke shiga: T878A yana mai da flutamide mai kunnawa, W742C yana yi wa bicalutamide haka. Shi ya sa tun 1993 aka bayyana cewa wasu marasa lafiya in aka tsayar musu da flutamide PSA ɗinsu sauka yake yi.

Abin da wannan ke nufi a ɗakin gwaji shi ne, zaɓen ƙwayar halittar da za ka gwada sinadarinka a kanta shi ke yanke hukunci. Cikin ƙwayoyin kansar furostet da ake reno a ɗakin gwaji, LNCaP tana ɗauke da T878A tun asali. VCaP tana da AR mai yawan gaske. 22Rv1 tana da guntuwar AR marar aljihu. PC3 da DU145 ba su dogara da AR ba, amfaninsu shi ne su nuna maka ko sinadarin guba ne kawai mai kashe komai. Ruwan jinin da ake ciyar da su da shi sai an tace shi da gawayi don a cire homon, sannan ka zuba androjin na roba R1881 da adadin da ka sani. Kuma dole a yi gwajin fuska biyu: da R1881 don a ga ko sinadarin yana toshewa, ba R1881 don a ga ko shi kansa yana kunnawa. Wanda ya tsallake na biyun zai sake ƙero wani bicalutamide ne.

Malam Sani
Malama Zainab ta kawo mu bakin enzalutamide. A Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas, Michael Jung mai haɗa sinadarai da Sawyers suka ɗauki wani tsohon sinadari, RU59063, ɗan uwan nilutamide, saboda yana kama AR da ƙarfi. Suka ƙera kusan 200 daga gare shi, suna gwada kowane a LNCaP da aka ƙara wa AR da gangan. Sharaɗin shi ne ya toshe kuma kada ya kunna ko kaɗan.

A dubi ginin. Gefe ɗaya zoben benzin ne mai ɗauke da cyano da trifluoromethyl. Wannan gefen yana nan a bicalutamide ma, shi ke shiga can cikin aljihu. A flutamide da nilutamide nitro ne a gurbin cyano, kuma ana danganta nitro ɗin da illar da suke yi wa hanta. Tsakiya zoben thiohydantoin ne, mai tauri, ba ya lanƙwasa. Bicalutamide tsakiyarsa sarƙa ce mai laushi, tana iya naɗewa ta bar sashen makarɓar da ake kira heliks na 12 ya rufe bakin aljihun, rufewar nan kuwa ita ce kunnawa. Ɗaya gefen wani zobe ne mai fluorine da ƙaramin amide, shi ke tokare heliks ɗin. Wasu da aka fara samu masu ƙarfi ne a kwanon gwaji amma hantar ɓera tana cinye su da wuri, sai da aka yi ta gyaran wannan wutsiyar kafin a samu RD162 da MDV3100, aka wallafa a 2009. MDV3100 shi ne enzalutamide. Yana kama AR sau 5 zuwa 8 fiye da bicalutamide, yana rage shigarta cibiyar ƙwayar halitta, yana hana ta zama a kan DNA.

Dr. Hadiza
A jikin mutum kuma ga abin da ya fito. Gwajin farko ya ɗauki maza 140, daga 30 mg har 600 mg a yini. Daga 360 mg zuwa sama aka ga farfaɗiya, domin maganin yana tsallaka shingen ƙwaƙwalwa ya taɓa makarɓar GABA. Aka tsaya a 160 mg. A gwajin AFFIRM, maza 1,199 da suka riga suka sha docetaxel, maganin kemo, matsakaicin tsawon rai wata 18.4 a kan 13.6 na masu maganin bogi. Amincewa ta zo a Agustan 2012. Farfaɗiya a wannan adadin ba ta kai kashi 1 ba, amma an cire masu tarihin farfaɗiya da masu shanyewar jiki ta kwanan nan daga gwajin tun farko, don haka sai an tambayi tarihi sosai. Abin da ya fi damun tsofaffi shi ne kasala, faɗuwa da karaya, da hawan jini.

Famasis Bala
A nan ni ma ina da abin cewa. Enzalutamide yana zaburar da enzayim CYP3A4 na hanta matuƙa, yana kuma taɓa CYP2C9 da CYP2C19. Duk maganin da ke bi ta nan ƙarfinsa raguwa yake yi: amlodipine, warfarin, omeprazole, da wasu magungunan HIV. Wanda ya fi shafar mu shi ne artemether da lumefantrine na zazzaɓin cizon sauro, wanda takardarsa ta hana haɗa shi da masu zaburar da CYP3A4 da ƙarfi. Kuma tun da rabin zaman enzalutamide a jini kusan kwana 6 ne, tsayar da shi yau don a sha maganin zazzaɓi gobe ba ya gyara komai. Sai likita ya zaɓi maganin zazzaɓin da sani, a kuma sake duba jini bayan an gama.

Dr. Auwal
Ina da ja a kan abin da ya biyo baya. Apalutamide na 2018 da darolutamide na 2019, a ganina kamfanoni ne ke neman rabonsu a kasuwa ɗaya. A dubi gwaje-gwajen masu cutar da ba ta bazu ba amma PSA na gudu: lokacin da aka ɗauka kafin bazuwa wata 36.6 a kan 14.7 ga enzalutamide, 40.5 a kan 16.2 ga apalutamide, 40.4 a kan 18.4 ga darolutamide. Kusan abu ɗaya. Mu kuma a Najeriya da Nijar yawancin masu zuwa asibiti cutar ta riga ta shiga ƙashi, kuma daga aljihunsu suke biya. Tiyatar cire 'ya'yan maraina ana yinta da allurar kashe zafi ta wurin kawai, sau ɗaya a rayuwa, ba firji, ba mantuwa, kuma ba a ga ta gaza allura a tsawon rai ba. Kuɗin da za a kashe a allurar shekara biyu gara a tara shi don abiraterone ko docetaxel.

Malam Sani
Likita, a kan tiyata ba ni da ja, kuma a kan apalutamide rabin maganarka gaskiya ce. Shi RD162 ne da aka sauya masa atam ɗaya, naitirojin ya shiga zoben benzin ya zama pyridine. Daga ɗakin bincike ɗaya suka fito da enzalutamide, kuma sauyin F877L na AR da aka gano a 2013 yana mai da su duka biyun masu kunna AR. Ya kuma zo da nasa: ƙuraje a fata ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu, da raguwar aikin tayroyid.

Darolutamide kuwa daban ne. Kamfanin Orion na Finlan ya gina shi a kan pyrazole, babu thiohydantoin ko ɗaya, jikinsa ya fi son ruwa, kuma kaɗan ne ƙwarai ke shiga ƙwaƙwalwa. A kwano yana toshe F877L da T878A da W742. A gwajinsa an bar masu tarihin farfaɗiya sun shiga. Ba ya zaburar da CYP3A4 irin na enzalutamide. Farashin wannan gini shi ne bai daɗewa a jini kuma hanji ba ya tsotsarsa da kyau, sai an sha 600 mg sau biyu a yini tare da abinci. Ga tsoho mai shan magani kala shida, wannan bambanci ne na gaske.

Famasis Bala
Sai dai a kula da rosuvastatin, darolutamide yana ninka shi a jini, kada a wuce 10 mg.

Dr. Auwal
Na ji. Amma har yanzu babu babban gwajin da ya haɗa su ukun kai da kai a kan tsawon rai, don haka fifikon na illa ne, ba na ƙarfi ba. Malam Sani, a zo kan abiraterone, shi ne wanda mutanenmu suka fi iya saye tun da na Indiya suka shigo.

Malam Sani
Tunaninsa ya samo asali daga ketoconazole, maganin fangas da aka lura yana rage testosteron in an sha da yawa, 400 mg sau uku a yini, sai dai yana dukan enzayim barkatai yana wahalar da hanta. A Cibiyar Binciken Kansa ta Landan, farkon shekarun 1990, Mike Jarman da Elaine Barrie da Gerry Potter suka nemi mai kama CYP17A1 kaɗai, enzayim ɗin da jiki ke ƙera androjin da shi. Suka ɗauki ginin pregnenolone, abin da enzayim ɗin ke ci, suka maƙala zoben pyridine a kabon na 17. Naitirojin na pyridine yana kama atam ɗin ƙarfe da ke tsakiyar enzayim ya hana shi aiki. Matsayin naitirojin ɗin yana da muhimmanci, 3-pyridyl ya fi 2 da 4 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma haɗin biyu da ke tsakanin kabon na 16 da 17 shi ke sa kamun ya ƙi sakewa. Ana haɗa shi daga DHEA acetate: a mai da ketone na 17 ya zama enol triflate, sannan a ɗaura pyridine da taimakon palladium. Matsalolin masana'anta su ne wani gurɓataccen sinadari da ke fitowa in acetate ya fice, da ragowar palladium da sai an wanke.

A gwajin farko ga mazan da ba a dandaƙe ba, testosteron ya sauka, sai LH ya tashi ya dawo da shi. Wannan ya sa maganin ya yi shekaru a ajiye, kuma shi ne dalilin da har yau ba a shan abiraterone sai a kan allura ko tiyata. Johann de Bono ya jagoranci gwaje-gwajen da suka farfaɗo da shi. A maza 1,195 bayan docetaxel, tsawon rai wata 14.8 a kan 10.9 na masu maganin bogi, aka amince da shi a Afrilun 2011. Gwajin STAMPEDE da LATITUDE na 2017 suka matso da shi farkon magani.

Dr. Hadiza
Illarsa daga ginin take. CYP17A1 aiki biyu yake yi, ɗaya na hanyar androjin, ɗaya na hanyar kotisol, abiraterone kuma duka yake rufewa. Kotisol ya ragu, ACTH, homon da ke zaburar da adrenal, ya tashi, sinadaran da ke bayan shingen irin su deoxycorticosterone su taru. Su ke riƙe gishiri da ruwa su zubar da fotashiyam: hawan jini, kumburin ƙafa, bugun zuciya ya rikice. Prednisolone 5 mg sau ɗaya ko biyu a yini aikinsa kwantar da ACTH ne. Mutane da yawa suna yar da shi don suna ganin ƙaramin magani ne marar amfani, a nan ake samun matsala. Kuma ba a yanke shi farat ɗaya, in zazzaɓi mai tsanani ko tiyata ta zo ma ƙara shi ake yi. Kada a gyara fotashiyam da spironolactone, domin shi kansa yana iya kunna AR, eplerenone ake amfani da shi. Gwajin hanta duk mako 2 a wata ukun farko, daga nan duk wata, tare da fotashiyam da awon jini. Mai shan rifampicin na tarin fuka kuwa abiraterone ɗinsa yana raguwa da fiye da rabi.

Famasis Bala
Maganar abinci fa? Takarda ta ce 1,000 mg ba a ci komai ba awa 2 kafin, awa 1 bayan. Amma ana ta yaɗa cewa ƙwaya ɗaya ta 250 mg da karin kumallo ta wadatar.

Dr. Hadiza
Maganar tana da tushe. Abiraterone acetate ba ya narkewa a ruwa, mai ne ke ɗaukarsa. Abinci marar mai sosai yana ninka abin da ke shiga jini kamar sau 5, mai maiƙo har sau 10. Wani gwaji da Jami'ar Shikago ta jagoranta, aka wallafa a 2018, ya raba maza 72: 250 mg da karin kumallo marar mai sosai a kan 1,000 mg da yunwa. Saukar PSA a mako 12 ba ta gaza ba. Amma mutum 72 ne, PSA aka auna ba tsawon rai ba, kuma maganin da ke saura a jini ya fi ƙasa a masu 250. Ni ina ganin hanya ce mai kyau ga wanda in ba haka ba zai bar maganin gaba ɗaya, da sharaɗin karin kumallon ya zama iri ɗaya kullum, likita kuma yana bin PSA da hanta. Yau koko zalla, gobe ƙosai da soyayyen ƙwai, adadin maganin ne ke hawa da sauka. Mafi muni shi ne mai shan ƙwaya huɗun duka a kan tuwo da miyar mai. Ga mai azumi da ke kan 1,000 mg, lokacin da ya dace shi ne kafin kwanciya in an yi awa 2 da gama cin abinci, ko awa ɗaya kafin sahur.

Zainab
Kada a bar waɗanda suka faɗi, a nan ake koyon aikin. Orteronel na kamfanin Takeda an ƙera shi ne ya fi kama ɓangaren androjin na CYP17A1 ya sassauta wa na kotisol. Manyan gwaje-gwaje biyu ba su nuna ƙarin tsawon rai ba, aka dakatar da shi a 2014. Galeterone kuma daga Jami'ar Maryland ya fito, aikin Angela Brodie da Vincent Njar, ɗan Najeriya da ya yi karatu a Jami'ar Ibadan. Gininsa kamar abiraterone ne, benzimidazole a gurbin pyridine, kuma a kwano yana yin uku: ya toshe CYP17A1, ya tare AR, ya sa a rushe ta. Aka nufi masu AR-V7 da shi. AR-V7 ita ce guntuwar makarɓar da ba ta da aljihun homon, kullum a kunne take, kuma binciken Jami'ar Johns Hopkins na 2014 ya nuna cewa cikin masu ita babu ko ɗaya da PSA ɗinsa ya amsa enzalutamide ko abiraterone. An tace maza sama da 900, 38 kawai suka shiga gwajin, da yawansu cutar ta ci gaba da sauri kafin a iya auna komai, aka rufe shi a 2016. Zaɓen marasa lafiyan da tsarin gwajin sun taka rawa a faɗuwar ba kaɗan ba.

An kuma gwada kama makarɓar ta ɗaya ƙarshen, wanda AR-V7 ma ke da shi. Aikin Marianne Sadar ne a Bankuba ta Kanada. Wannan ƙarshen ba shi da tsayayyen gini, babu aljihun da sinadari zai zauna, kamun ya zama mai rauni. Sinadari na farko sai an sha ƙwayoyi da yawa kuma jini ba ya riƙe shi, na biyun, masofaniten, aka tsayar da gwajinsa a 2024 don bai ƙara komai a kan enzalutamide ba.

Nura
To in enzalutamide ya daina aiki ba sai a koma abiraterone ba, tun da hanyarsu daban ce?

Dr. Hadiza
A'a Nura, a kan makarɓa ɗaya suke haɗuwa. Wani gwaji na Kanada ya juya su: enzalutamide bayan abiraterone PSA ya amsa a kashi 36, abiraterone bayan enzalutamide kashi 4. A gwajin CARD na 2019, ga waɗanda suka sha docetaxel kuma ɗaya daga magungunan biyu ya gaza cikin shekara, cabazitaxel, wani maganin kemo, ya riƙe cutar wata 8.0, sauya zuwa ɗayan kuma wata 3.7. Kafin ma a ce magani ya gaza, a auna testosteron. Wasu nau'o'in leuprolide sirinji biyu ne da ake cakuɗawa, a firji suke zama, kuma sai an yi allurar cikin minti 30 da haɗawa. Hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi a 2020 kan kuskuren haɗa su. Goserelin ba a son ya wuce digiri 25 a ajiye, a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maraɗi wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Mai PSA na hawa da testosteron 200 allurarsa ce ba ta yi aiki ba.

Malam Sani
Abin da ake aiki a kai yanzu hanya biyu ne. Ta farko rushe makarɓar gaba ɗaya. Sinadarin kai biyu gare shi da igiya a tsakani, kai ɗaya ya kama AR, ɗayan ya kama cereblon, wanda ke yi wa furotin alamar a kai shi bola. Tunanin daga ɗakin binciken Craig Crews na Jami'ar Yale ne, kuma bavdegalutamide ya shiga gwajin mutane a 2019. Wahalarsa nauyi: ya haura 800, enzalutamide kuwa 464 ne, hanji ba ya son manya. In aka zuba da yawa kuma kowane kai sai ya kama nasa daban, haɗin ukun ya ƙi ƙulluwa, aikin ya ragu. Ya fi tasiri a masu T878A da H875Y, ya yi rauni a L702H, wanda prednisolone ke kunnawa, shi ya sa aka ƙero na biyu. Tun da aljihun yake kamawa, AR-V7 ta tsira.

Ta biyu rufe ƙerar homon daga matakin farko, CYP11A1, inda kolestarol ke zama pregnenolone. Opevesostat ke nan, shi ma daga Orion. Dalilinsa shi ne abiraterone yana tara progesterone a bayan shinge, T878A kuma tana amsa progesterone. In aka rufe daga sama babu abin da zai taru, amma adrenal ya mutu gaba ɗaya a aikace, sai an mayar wa mutum da dexamethasone da fludrocortisone kullum, kuma gazawar adrenal ita ce babbar illar da aka gani a gwajin farko.

Dr. Auwal
Hajiya Likita, saura wanda PSA ɗinsa a ƙasa yake amma yana ramewa, hanta ta cika da ƙari. Muna ganin irinsu bayan doguwar shan waɗannan sababbin.

Dr. Hadiza
Wannan ne inda cutar ta bar AR da gaske. Yawanci an rasa ƙwayoyin gado TP53 da RB1, ƙwayoyin suka rikiɗe suka koma nau'in neuroendocrine, ba sa yin PSA, ba sa jin maganin homon ko wane iri. Alamomin su ne bazuwa zuwa hanta ko huhu, ƙashi yana cinyewa maimakon ya yi tauri, enzayim LDH na jini ya hau, PSA bai yi daidai da girman cutar ba. A ɗauki nama daga sabon ƙarin, ba tsohon na furostet ba, a rina shi da synaptophysin da chromogranin da AR. In ya tabbata, a koma kan carboplatin ko cisplatin da etoposide, ko carboplatin da cabazitaxel in nau'in a gauraye yake. Allurar ko tiyatar tana nan a matsayinta, domin sau da yawa akwai sauran ƙwayoyi masu AR a wasu wuraren. Saboda irin wannan, mai shan abiraterone ko enzalutamide a riƙa yi masa hoton ciki da ƙirji lokaci-lokaci ko da PSA bai motsa ba.